Abin da Ke Cinye Wutar Keken Lantarki Kafin a Kai Kasuwa

Ran nan, cikin kwanakin kakar tumatir, na iske wani manomi tsaye a bakin hanya da hantsi, ya jingina da kekensa mai ƙafa uku, irin na ɗaukar kaya mai aiki da batir. Kwanduna na jere a baya, rana ta fara dukansu, kasuwa kuwa da saura. Na tambaye shi ko faci ya yi. Ya ce a'a, wuta ce ta ƙare. Wanda ya sayar masa da keken ya ce caji ɗaya zai kai shi kilomita 100, ga shi bai cika 35 ba ya tsaya cik. Sai da ya yi jinga da mai wata mota aka kwashe kayan, ribar ranar ta tafi a kuɗin dako.

Shi dai ya tafi a kan cewa cutarsa aka yi. Mai yiwuwa ne. Amma ni da na dubi lodin, na dubi tayoyin, na tambayi hanyar da ya biyo, sai na ga ko da mai sayarwa ya faɗi gaskiya, keken ba zai wuce inda ya tsaya ba. Kilomita 100 ɗin nan an auna ta ne da keke ba kaya, direba ɗaya, bisa kwalta, ana tafiya sannu. Manomi kuwa ba haka ya ke tafiya ba. Saboda haka na ga ya kamata a wannan mako mu bar maganar taki da iri, mu zauna mu yi wannan lissafi tare, gama abin ya shigo ƙauyuka, kuma mutane suna zuba dukiyarsu a ciki.

Dalilin shigowarsa ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur. Kafin ranar lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000 a wurare da yawa. Duk wanda ke kai amfanin gona kasuwa ya ji a jikinsa. Nan mutane suka fara waiwayar babur da keke masu batir. A Maiduguri wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya fara da cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu batir, daga baya kamfaninsa Phoenix Renewables ya shiga ƙera nasa. A Indiya kuwa irin wannan keke ya yi yawa har a 2015 aka yi masa doka tasa, aka ƙayyade gudunsa kada ya wuce kilomita 25 a sa'a. Ku riƙe wannan 25 ɗin, za mu komo kanta.

To, mu fara da batir. Ku ɗauke shi kamar rumbu ne, wuta kuwa hatsin da ke ciki. A jikin ko wane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da haruffan Ah. Ta farko ƙarfin turin wutar ce, ta biyu yawan da zai iya zubowa. In ka ninka su da juna, ka sami abin da ke cikin rumbun. Keke mai batura huɗu na 12V a jere, watau 48V, ko wanne 100Ah, yana da 48 sau 100, 4,800 ke nan. Wannan ma'auni Wh a ke rubuta shi, mu a nan sai mu riƙa ce masa awo don sauƙi. Awo 1,000 shi ne yunit ɗaya, yunit ɗin nan dai da mitar gida ta ke ƙirgawa. Ashe rumbun abokinmu bai cika yunit biyar ba.

Yunit biyar ba wani abin kirki ba ne. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da wajen yunit tara. Abin da ya sa keken batir ya ke iya kara da na fetur shi ne rashin ɓarna. Injin fetur zafi da hayaƙi su ke kwashe mafi yawan ƙarfinsa, da ƙyar kashi 20 ko 25 cikin 100 su ke isa taya. Injin lantarki kuwa ya kan isar da kashi 80 ko fiye. Watau mai keken batir kamar magidanci ne mai ƙaramin rumbu da mace mai tattali. Zai kai kaka, amma fa ba shi da rarar da zai yi wasa da ita. Mai fetur in tanki ya yi ƙasa sai ya tsaya wurin 'yan bumburutu ya ƙara kwalba guda. Mai batir in ya ƙare a daji, sai turi.

Abu na farko da ke cin awon nan shi ne nauyi bisa taya. Taya ba ta zama da'ira sosai in tana ɗauke da kaya. Wurin da ta taɓa ƙasa ya kan lotsa, sa'an nan ya miƙe in ta juya, haka dai ba fasawa, kuma ko wace lotsawa tana mai da ɗan ƙarfi zafi. Taɓa taya bayan tafiya ka ji ɗuminta, wutarka ce ka ke ji. Na yi lissafin, ga abin da ya fito, kusa-kusa: bisa kwalta mai kyau, ko wane kilo 100 yana cin awo 5 a ko wane kilomita. Buhun masara ɗaya ke nan. Keke da baturansa da direba, mu ce kilo 400, suna cin awo 20. Ɗora buhu huɗu, nauyi ya zama 800, ci ya zama 40.

Wannan bisa kwalta ne fa. Hanyar burji mai tsakuwa da gargada ta kan ninka shi sau biyu, wani lokaci fiye. Rairayi kuwa, irin na wajen Gumel da Nguru da Damagaram, ya kan ninka shi har sau goma, don taya nutsewa ta ke yi, kullum kamar tana hawa daga cikin rami. Kilomita ɗaya cikin rairayi mai laushi da lodi yana iya cinye abin da zai kai ka kilomita bakwai ko takwas bisa kwalta. Don haka hanyar da ta fi kusa ba lalle ita ce ta fi araha ba. In ratse ta cikin yashi kilomita uku ne, zagaye ta titi kilomita takwas, zagayen ya fi maka sauƙin wuta, ya kuma fi wa injin sauƙi, gama cikin yashi ne ya ke yin zafi har ya ƙone.

Yanzu mu koma kan abokinmu. Nauyinsa da kwanduna ya kai kilo 800, mafi yawan hanyarsa burji ce. Awo 80 ke nan a kilomita, tun ba a sa iska da tsaye-tsaye ba. In an sa, sai a ce 100. Raba 4,800 da 100, ka sami kilomita 48. To, ina sauran, tun da shi bai kai 35 ba? Amsar tana cikin halin irin batir ɗinsa, za mu zo wurin.

Maganar iskar taya ita ce mafi araha cikin duk gyaran da za a yi, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Taya mai ƙarancin iska ta fi lotsawa, saboda haka ta fi ci. In iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ido ba zai gane ba sosai, amma cin da taya ke yi ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100. Na abokinmu ta baya ta hagu har kumatu ta yi. Ka sayi geji naka, ba shi da tsada, ka auna ko wane mako da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi lambar da masu keken suka rubuta don ɗaukar kaya. Dukan taya da ƙafa ba awo ba ne. Sai dai akwai togiya guda: cikin rairayi rage iska kaɗan ya kan taimaka, don taya ta faɗaɗa ta daina nutsewa. Amma wanda ya rage, ya tuna ya mayar in ya hau titi.

Akwai kuma gwajin da ko yaro zai iya. Ka kashe keke a wuri mai shimfiɗa, ba kaya, ka tura da hannu. In yana da lafiya zai gangara da ɗan turi, ya ci gaba kaɗan bayan ka saki. In ka ji yana riƙewa, to ko birki na shafar taya, ko boris ya bushe ya rasa giris, ko sarƙa ta yi tauri da ƙura, ko ƙafafun ba su daidaita ba. A keken fetur irin wannan ba a cika kulawa da shi ba, ƙarar inji ta rufe kome. A na batir kuwa birkin da ke shafa kaɗan yana iya cinye maka kilomita da dama ko wace rana, kai kana zargin batir.

Sauri ya haifi nawa

Abu na biyu iska ce, wadda keke ke kutsawa ciki. Ita halinta dabam ne da na nauyi. In ka ninka gudu sau biyu, turin da ta ke yi maka ba sau biyu ya ke ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Keke mai rumfa da gilashi a gaba, yana tafiyar kilomita 25 a sa'a, iska tana cin masa kamar awo 13 a kilomita. A gudun 50 sai ta ci 52. Mu haɗa da na taya. Keke ba kaya bisa kwalta, a gudun 25: 20 da 13, awo 33. A gudun 50: 20 da 52, awo 72. Ka gani, ya fi ninki biyu. Hanya ɗaya, kaya ɗaya, batir ɗaya, hannun direba kaɗai ya raba nisan gida biyu.

Nan ne hikimar 25 ɗin Indiya ta ke. Su don tsaron rai suka sa ta, amma ita ce kuma ta sa ƙaramin batir ya ke wuni yana aiki. Tafiyar kilomita 30 a gudun 25 sa'a ɗaya ce da minti goma sha biyu. A gudun 50 minti talatin da shida. Wanda ya tashi bayan asuba da rabin sa'a ya riga ya biya wannan bambanci, ya kuma sami sanyin safiya, wanda batir da tumatir duk su ke so.

Yadda a ke ɗaura kaya ma yana da hannu a ciki. Kara ko harawa ko buhunan barkono busasshe ba su da nauyi, amma in aka tula su suka zarce rumfa, suka fito gefe da gefe, sun zama bango mai tare iska. Tampol da ba a ɗaure da kyau ba, yana kaɗawa yana cika da iska, haka nan. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas ta kan taso da ƙarfi da hantsi. Mai tafiya yana fuskantarta a gudun 25, ita tana tahowa da 20, keken ji ya ke kamar yana gudun 45. Sai a rage hannu.

Hawa ba shi da magani sai haƙuri. Ɗaga kilo 800 sama tsawon mita 100 yana cin wajen awo 270, watau daidai da tafiyar kilomita biyar a fili da wannan lodi. Mutanen Kano da Katsina ba su da wannan damuwa ƙwarai. Amma mai kai dankali a tsaunukan Jos, ko mai tunanin Hawan Kibo da lodi, lalle ya sa wannan a lissafi. Galibin kekunan ɗaukar kaya suna da ɗan hannu na sauya giya, babba da ƙarama. A hawa da yashi a sa ƙarama. Injin lantarki ya fi tattali in yana juyawa da sauri cikin sauƙi. In yana juyawa a hankali ana danne shi da nauyi, wuta mai yawa ya ke zuƙa, mafi yawanta kuwa zafi ta ke zama.

Wannan zafi yana da ƙa'ida, ita ma irin ta iska ce. In wutar da ke bi ta waya ta ninka sau biyu, zafin da ke ɓata a waya ya ninka sau huɗu. Shi ya sa murɗe totur gaba ɗaya daga tsaye ya ke da tsada. Tayar da kilo 800 daga tsaye zuwa gudun 30 yana cin kamar awo 10 in an bi a hankali, da fizga kuwa ya fi haka. Da ka taka birki, awo goman nan sun tafi. Mai tsayawa sau hamsin a wuni ya zubar da awo 500, tafiyar kusan kilomita goma. Direba mai hankali ya kan hango rami ko shingen hanya tun daga nesa, ya saki totur, keke ya gangara da kansa. Waɗansu kekuna suna mayar da ɗan wuta cikin batir in an taka birki, masu sayarwa kuwa suna yawan kuranta wannan. Yana da amfani a doguwar gangara. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu abin da ya ke mayarwa kaɗan ne, kada ka biya kuɗi mai yawa saboda shi.

Ita ƙa'idar zafin nan ce ta sa keke mai 60V ko 72V ya fi mai 48V tattali wajen ɗaukar kaya, don aiki ɗaya ya ke yi da ƙarancin wutar da ke gudana a waya. Ita ce kuma ta sa kan batir mai sako-sako ko mai farin gari ya ke ɓarna. Bayan tafiya ka kashe makulli, ka taɓa wayoyin da ke haɗa batura ta wajen robarsu. Duk wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, nan wutarka ke zuba. A goge, a ɗaure tam.

Halin batir

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma da ruwan asid, ɗan'uwan na mota, wanda wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago tun 1859. Akwai kuma na litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Cikin na litiyom, wanda ya fi dacewa da keken kaya a ƙasar zafi shi ne mai alamar LFP, don ya fi jimrin zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta.

Na dalma yana da wani hali da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. 100Ah ɗin da aka rubuta masa, sai in an zuƙe shi sannu a hankali cikin sa'a ashirin ya ke bayarwa. In aka zuƙe shi cikin sa'a biyu, kamar yadda keke mai lodi ke yi, abin da zai bayar bai fi kashi biyu cikin uku ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Peukert, shi ya bayyana wannan a 1897. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: in kana ja da guga ɗaya za ta wuni tana ba ka, in aka sa mata injin ban-ruwa sai ta ƙafe nan da nan, alhali da sauran ruwa a ƙasa. To, kashi biyu cikin uku na 4,800 shi ne 3,200. Raba da awo 100, ka sami kilomita 32. Nan abokinmu ya tsaya.

Har wa yau, abin da ya yi ran nan ya rage wa baturansa kwana. Batir ɗin dalma ba ya son a kwashe shi ƙarƙaf. In ana so ya daɗe, rabi a ke ci a mayar. Wanda a ke kai shi ƙasa kullum, caji 300 zuwa 500 ya gama, watau shekara ɗaya ko da 'yan watanni ga mai fita ko wace rana. In kuma aka bar shi a kwashe ya kwana biyu ba caji, wani farin gishiri ya kan daskare a jikin farantansa, wurin da ya daskare kuwa ba ya sāke riƙe wuta. Manoma su kula da wannan ƙwarai, gama mu ne masu ajiye abin hawa in damina ta kama, hanya ta lalace. A cika shi kafin a ajiye, a riƙa sāke cikawa ko wane wata. Mai murfi kuma a duba ruwansa, ya rufe farantai, a ƙara da tataccen ruwan batir kaɗai. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid.

Zafi shi ne babban abokin gāba. An auna batura ne a ɗumin digiri 25. Ga na dalma, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa wannan yana raba kwanansa biyu. Ku dubi Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, inda inuwa ma ta ke haye digiri 40, balle akwatin ƙarfe a rana. Ba za mu iya sauya bazara ba, amma za mu iya ajiye keke ƙarƙashin darbejiya maimakon tsakiyar kasuwa, mu bar batir ya huce rabin sa'a ko fiye kafin a sa caji, mu yi cajin da dare ko da sassafe. Sanyin hunturu kuwa ba ya kashe batir, sai dai ya rage abin da zai bayar da safiyar ranar.

Batura huɗu a jere kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, mai rauni shi ke tsai da aiki. In ɗaya ya gaji, shi zai fara ƙarewa, keke ya tsaya, sauran ukun da wutarsu. Kada a haɗa sabo da tsofaffi, gama tsofaffin za su ja shi ƙasa cikin 'yan watanni. Ɗan ma'aunin wuta da masu gyaran rediyo ke amfani da shi ya isa ya nuna maka mai rauni. Bayan batir ya huta sa'o'i kaɗan, na 12V cikakke ya kan nuna wajen 12.7, mai rabi wajen 12.2. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa a fili, shi ne.

Na LFP ya fi tsada nesa ba kusa ba a ranar saye. Amma ya kan kai caji 2,000 ko fiye, a kan ci kashi 80 ko 90 cikin 100 nasa ba tare da an cuce shi ba, kuma saurin zuƙa bai cika rage shi ba. Ga sauƙin nauyi: batura huɗun dalma sun kai kilo 120, na litiyom mai awo ɗaya da su bai fi 45 ko 50 ba. Kusan buhu guda ke nan ka sauke, ko ka ɗora na sayarwa a madadinsa. Ni a ganina, mai fita kullum da lodi, in yana da hali ko yana cikin ƙungiyar da za ta ba shi rance, litiyom ya fi masa araha a ƙarshe. Mai fita ranar kasuwa kaɗai, tafiya gajera, na dalma ya ishe shi in ya kula da shi. 'Yan kasuwa da akawuna sun san yadda a ke wannan lissafi: kuɗin batir, a raba da yawan cajin da zai yi, a sāke rabawa da kilomitar da caji ɗaya ke kaiwa. Abin da ya fito shi ne kuɗin batir a ko wane kilomita, shi za a gwada, ba farashin kanti ba.

Wajen saye, a tafi da sikeli. Dalma nauyi gare ta, ba a iya ɓoye ƙarancinta. Batir 12V 100Ah na gaskiya ya kan yi kilo 28 zuwa 32. In ka ɗora ka ga 20, takardar jikinsa ce kawai 100. Araha ba ta ado.

Inda za a sami wutar

Kada a manta, abin da mita ta ƙirga ya fi abin da ya shiga batir. Na dalma ya kan ɓatar da wajen kashi ɗaya cikin biyar wurin caji, na litiyom kamar ɗaya cikin goma. Ko da haka, a farashin 2024, sa'ad da aka kai yunit naira 225 ga masu layin Band A a watan Afrilu, keke mai kilo 800 bisa kwalta wutar naira 15 ya ke sha a kilomita. Na fetur, in mun ce lita tana kai shi kilomita 25, a naira 1,000 naira 40 ke nan. Ratar tana da faɗi, amma daga cikinta za a cire kuɗin sabon batir, sai a riƙa ware shi tun daga ranar farko.

Caji da ƙaramin janareto kuwa, in ba don larura ba, wahalar banza ce. Da ƙyar lita ta ke ba da yunit ɗaya da rabi a irin waɗannan injuna. Cire ɓarnar caji, ka raba, za ka ga kilomita ashirin da 'yan kai ne, daidai da abin da keken fetur zai yi da litar nan ba tare da batir ba.

Farantin hasken rana bisa rumfar keke yana taimakawa, sai dai ba kamar yadda a ke zato ba. Faranti mai wat 300 a ranar ƙasarmu ya kan tara awo 1,000 zuwa 1,200 a wuni in yana da tsabta, watau ƙarin kilomita ashirin bisa kwalta da lodi, ko goma bisa burji. Ƙurar hunturu tana rage shi, sai ana gogewa. Yana kuma bukatar nasa akwatin da zai daidaita wutarsa da ta batir, ba a haɗa shi kai tsaye. Wanda ya fi riba shi ne mai noman rani da ya riga ya kafa farantai don famfon ban-ruwa. Sa'o'in da famfo ke hutawa farantan zaune su ke, da za a sa masani ya haɗa musu abin caji, da keke ya sha a nan.

Wata dabarar kuma musanya ce. Kamfanoni irin su Ampersand a Ruwanda, da Spiro a Benin da Togo, sun kafa rumfuna inda mai babur ke ajiye batir ɗin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin wuta. A birni abin yana tafiya. A ƙauye sai in manoman gari sun haɗa kai sun kafa tasu a bakin kasuwa. Kafin nan, mai keke ya nemi wani amintacce mai wuta kusa da kasuwa, ya riƙa sa caji sa'ad da ya ke ciniki. Sa'a uku na zaman kasuwa sun isa su ƙara abin komawa gida, su kuma hana batir ɗin dalma kaiwa ƙasa.

A Ingila, a shekarun 1950 da 1960, masu kai madara gida-gida da ƙananan motocin batir su ke aiki, dubbai, kuma baturan dalma ne a ciki. Sun yi shekaru suna cin riba don hanyarsu gajera ce, sananniya, ba gudu, caji kuwa ko wane dare a wuri ɗaya. Irin aikin da ya dace da keken batir ke nan a wurinmu ma: gona zuwa gida, gida zuwa kasuwar kusa, kai taki, ɗebo ruwa, kai nono wurin tarawa. Mai niyyar saye ya fara auna hanyarsa zuwa da dawowa, ya san nawa ne kwalta nawa ne burji, ya yi lissafin awon nan da lodin da ya saba ɗauka, sa'an nan ya ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda tsufan batir da ranar iska. Kafin ya biya, ya ce a bar shi ya gwada da buhunansa a kan hanyarsa.

Saura gargaɗi biyu. Kada a yi caji a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar da za a fita, ko kusa da harawa da kara da rumbu. Na dalma yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta sa'ad da ya ke caji, na litiyom kuwa in ya kumbura, ko ya sha duka, ko aka sa masa cajar da ba tasa ba, yana iya tashi da wutar da ke da wuyar kashewa. A cikinsa akwai ɗan allo mai tsaronsa, BMS a ke ce masa, kada a yarda wani bakanike ya tsallake shi wai don a ƙara ƙarfi.

Na biyu, tsohon batir ɗin dalma kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmarsa a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Dalmar batir ita ce dai wannan dalma. A mayar da shi yadda ya ke, ba a fasa ba, ga dillalin da ya sayar da sabo, galibi su kan karɓa su rage wani abu daga kuɗin.